Me Zai Sa A Koya Mana Bayar Da Sassan Jikin Mamaci, Alhali Ba A Yi A Nan?

Wani ɗalibin likitanci da ke aji biyar a nan Sakkwato ya aiko mini da wannan tambaya: "Malam, an saka mana darasi kan bayar da sassan jiki bayan mutuwa. Ni kuwa ban taɓa jin an ɗauki ƙodar mamaci an dasa wa wani a asibitocinmu ba. Mutanenmu kuma idan aka yi rasuwa da hantsi, kafin La'asar an dawo daga maƙabarta. Wannan ba ɓata lokaci ba ne? Ba gara a ƙara mana awoyi kan zazzaɓin cizon sauro da matsalolin haihuwa ba?"

Likita, bari in kira ka da sunan tun yanzu, tunda saura ƙiris. Abin da ka faɗa game da halin da ake ciki gaskiya ne. Tun da aka fara dashen ƙoda a Najeriya a asibitin St Nicholas na Legas a shekarar 2000, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya biyo baya a 2002, ƙodar da ake dasawa daga mai rai take fitowa. Ƙane ya ba wansa, uwa ta ba ɗa, wani lokaci mata ta ba miji. Wanda ba shi da ɗan'uwan da jininsu ya dace, ko yana da shi amma hawan jini ko ciwon suga ya hana, sai ya zauna kan wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako, awa huɗu kowane zama, har kuɗi su ƙare. Abin da ke biyo bayan ƙarewar kuɗin ka gan shi da idonka a ɗakin jinya.

Inda muka rabu da kai shi ne ka ɗauka darasin na masu tiyata ne. Rabinsa na farko a kan mutuwa yake: yaushe za ka ce mutum ya mutu, da wane ma'auni, kuma da wane baki za ka gaya wa iyayensa. Wannan aiki zai same ka tun watan farko da ka fara kwanan asibiti bayan kammalawa, ko an fara dashen sassan mamata a ƙasar nan ko ba a fara ba. Ni ya same ni ban shirya ba.

Ina ƙaramin likita a wani asibiti aka kawo mana wani saurayi ɗan kabu-kabu, mota ta kwashe shi, ba hular kwano a kansa. Aka sa masa na'urar numfashi. Kwana na biyu baƙin idonsa ya buɗe ya tsaya, ko ka haska tocila ba ya motsi. Babban likitan da ke zagaye ya duba, ya faɗi kalma biyu da Turanci, ya wuce gado na gaba. Ni aka bari da dangi, suna zaune kan tabarma ƙarƙashin dogon yaro. Na fita na ce musu ana kan ƙoƙari, a ci gaba da addu'a. Haka na riƙa faɗa har kwana huɗu. A cikin kwanakin nan suka sayar da shanun huɗarsu guda biyu don biyan kuɗin gado da magani. Ranar ta uku mahaifiyarsa ta shafa masa tafin ƙafa, yatsun suka lanƙwashe, ta fito da gudu tana cewa, "Ya motsa! Wallahi ya motsa!" Da daddare mahaifin, wani dattijo mai farin gemu, ya ja ni gefe ya ce, "Likita, don Allah hwaɗa min gaskiya. Yaron ga, rai ya hita ko bai hita ba?" Na tsaya ina kallon ƙasa. Shekara shida na yi a makaranta, ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya koya mini amsar wannan tambaya.

Ga abin da ya kamata in sani a lokacin. A gindin ƙwaƙwalwa akwai sashen da ke riƙe da numfashi da farkawa. Idan kai ya bugu ko jini ya fashe a ciki, ƙwaƙwalwa kan kumbura, ƙoƙon kai kuwa ba ya buɗewa, sai matsin ya hana jini shiga, sashen nan ya mutu. Zuciya tana da nata abin da ke kunna ta, don haka muddin na'ura na hura iska cikin huhu za ta iya ci gaba da bugawa na wasu kwanaki. Jiki da ɗumi, ƙirji na hawa da sauka, fitsari na taruwa a leda, amma mutumin ba zai ƙara farkawa ba, ba zai ƙara jan numfashi da kansa ba. Wannan daban yake da doguwar suma, wadda mai ita yana iya numfashi kuma wani lokaci yana farfaɗowa. Ɗalibin da ya haɗa su wuri ɗaya zai yi ɗayan ɓarna biyu: ko ya fid da rai ga wanda ke da sauran kwana, ko ya bar mutane su ƙarar da dukiyarsu kan wanda ya riga ya tafi. Motsin yatsun nan kuwa daga laka yake, wato igiyar jijiyar da ke cikin ƙashin baya, ba ya bi ta ƙwaƙwalwa. Da na san haka da na gaya wa uwar tun kafin ta gani.

Tabbatar da mutuwar ƙwaƙwalwa yana da tsari, kuma tun 1968 da wani kwamiti na jami'ar Harvard a Amurka ya fitar da ma'auninsa ake ta tace shi. Sai ka san takamaiman abin da ya lalata ƙwaƙwalwar. Sai ka kore duk abin da ke iya kwaikwayon mutuwa: sanyin jiki mai tsanani, allurar barci ko ta sassauta tsoka da ba ta gama fita ba, faɗuwar suga, rikicewar gishirin jini. A wajenmu ka ƙara da guba irin ta maganin ƙwari, da ƙwayoyin da matasa ke sha, da saran macijin da dafinsa ke shanye jijiyoyi, domin irin wannan yakan kwantar da mutum tamkar gawa alhali yana jin duk abin da ake faɗa. Bayan nan ne za ka haska ido, ka taɓa gaban idon da auduga ka ga ko zai ƙifta, ka zuba ruwan ƙanƙara mililita 50 a kunne ka ga ko idanu za su juya, ka zura bututu a maƙogwaro ka ga ko zai yi tari ko kakari. Na ƙarshe shi ne gwajin numfashi: a ƙosar da shi da oksijin, a raba shi da na'ura na kamar minti takwas zuwa goma, a bar gurɓatacciyar iska ta taru a jini har ta kai awon 60, wanda ya isa ya tilasta wa duk ƙwaƙwalwa mai sauran rai ta ja numfashi. Likitoci biyu ƙwararru ke yi, kuma ba a yarda ɗayansu ya kasance cikin masu dashen ba. Ka lura gwajin ƙarshen nan yana buƙatar na'urar auna iskar jini, wadda asibitoci da yawa ba su da ita, ko suna da ita ba sinadarinta. Inda ba a iya yin gwajin yadda ya kamata ba, ba a maganar ɗaukar komai daga jikin kowa. Wannan ma cikin darasin yake.

Sai maganar addini, wadda a Sakkwato ba za ka kauce mata ba, kuma bai kamata ka so kauce mata ba. Ni ba mai fatawa ba ne, amma abin kunya ne likita Musulmi ya buɗe baki ya ce "haramun ne" ko "halal ne" bai san abin da malamai suka tattauna ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Amman, babban birnin Jodan, a 1986, ta ce ana hukunta mutum ya mutu idan zuciya da numfashi suka tsaya ba dawowa, ko kuma idan dukkan ayyukan ƙwaƙwalwa suka tsaya, ƙwararrun likitoci suka tabbatar ba dawowa, ƙwaƙwalwar kuma ta fara lalacewa. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta zauna a 1987, ta halatta cire na'ura a wannan hali, amma ta ce ba a zartar da hukuncin mutuwa sai zuciya da numfashi sun tsaya bayan cirewar. A 1988 kuma, a Jidda, majalisar farko ta halatta ɗaukar gaɓa daga mamaci a dasa wa mai rai da rayuwarsa ko wani muhimmin aikin jikinsa ya rataya a kai, da sharaɗin mamacin ya yi izini kafin rasuwarsa ko magadansa su yi, kuma ba ciniki. Akwai manyan malamai da suka hana, irin su Shaikh Ibn Baz da Shaikh Ibn Usaimin, suna kafa hujja da cewa jiki amana ne ba mallakin mutum ba, da hadisin da ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Masu halattawa suna kafa hujja da lalura da ayar Ma'ida kan wanda ya raya rai guda. Saudiyya dai tana da cibiyar dashen gaɓoɓi ta ƙasa, kuma ana ɗauka daga mamata a can.

Amfanin sanin wannan saɓani ga likita shi ne ya daina yi wa wanda ya ƙi kallon jahili. Dattijon da ya ce a'a yana iya kasancewa a kan maganar malamin da ya aminta da shi. Wanda ya ce i shi ma yana da madogara. Kuma bambancin da ke tsakanin Amman da Makka yana da tasiri a aikace, domin akwai hanyar da ake jira sai zuciya ta tsaya, a ƙara jira kamar minti biyar ba a taɓa gawar ba, sannan a ɗauki ƙoda. Iyalin da ba su natsu da maganar mutuwar ƙwaƙwalwa ba suna iya natsuwa da wannan.

Yanzu ga hujjarka mafi ƙarfi, saurin jana'iza. Gaskiya ne ba ma ajiye gawa, sunna ta ce a gaggauta, zafin bazara da ke wuce digiri 40 ma ya ce a gaggauta. Zuciya idan an ciro ta awa huɗu zuwa shida take jurewa, hanta kamar awa goma sha biyu, ƙoda kwana ɗaya ko da ɗan ɗori. Duk waɗannan suna buƙatar ɗakin tiyata a shirye, da ɗakin gwajin dacewar jini, da jerin masu jira da aka tsara bisa adalci, da wutar da ba ta ɗaukewa. Ba na yaudarar ɗalibaina cewa gobe za mu fara. Amma akwai abu ɗaya da ba ya buƙatar na'urar numfashi ko gardamar mutuwar ƙwaƙwalwa, kuma a ganina daga nan ya kamata Arewa ta fara: ido.

Ba ƙwayar idon ake dasawa ba, kamar yadda mutane ke zato. Koniya ce, fatar nan mai haske kamar gilashi da ke rufe baƙin ido. Ka je asibitin ido ka ƙirga masu hakiya: yarinyar da baƙon dauro ya kama tana ƙarama ga ƙarancin sinadarin bitamin A, manomin da karan gero ya tsokane wa ido aka ɗiga masa maganin gargajiya, tsohuwar da amodari ya juya mata gashin ido yana gogar gaban idon shekara da shekaru. Yanar ido aikinta daban, ana cire ta a sa madubin roba. Mai hakiya mai kauri kuwa, idan sauran idon lafiya yake, abin da zai buɗe masa gani shi ne koniyar wani mutum. Tun 1905 wani likitan ido mai suna Eduard Zirm ya yi wannan dashe ya yi nasara, kusan shekara hamsin kafin Joseph Murray ya dasa ƙoda tsakanin tagwaye a Boston a 1954. Koniya ba ta da jijiyar jini, shi ya sa galibi ba a neman dacewar rukunin jini, jiki kuma bai cika ƙin ta ba. Ana ɗaukar ta bayan an tabbatar da rasuwa ta yadda kowa ya sani, cikin awoyi shida zuwa goma sha biyu, aikin bai wuce rabin awa ba. A sa ɗan murfi a rufe fatar ido, masu wankan gawa su yi aikinsu, fuska ba ta canza ba, a kai shi makwancinsa a kan lokaci. A ruwan adanawa cikin firiji mai digiri 4 tana kaiwa mako biyu. Tsufa ko sa tabarau ba sa hanawa. Abin da ke hanawa shi ne irin ƙanjamau, ciwon hanta mai yaɗuwa, haukan kare, cutar da ta bazu a jini, ko mutuwar da ba a san sababinta ba. Siri Lanka ba ƙasar masu arziki ba ce, amma ta shekara fiye da hamsin tana aika koniya zuwa wasu ƙasashe, saboda mutanenta sun karɓi abin a matsayin sadaka. Garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna ya yi rubutu kan magunguna, har da na ido, bai kamata wannan magana ta zama baƙuwa a cikinsa ba.

Abin da ya fi ba ɗalibai wuya dai shi ne baki. Nakan gayyato wata tsohuwar nas da ta yi ritaya ta zauna a matsayin uwar mamaci, ɗalibi ya zo ya yi mata magana. Wani haziƙi, wanda ba ya faɗuwa jarrabawa, ya durƙusa ya ce, "Inna, tunda Allah ya yi masa cikawa, idon nan ba wani amfani zai yi masa a kabari ba." Ta dube shi, ta gyara mayafi, ta ce, "Kai ka haihe shi?" Ta tashi ta fita. Ajin ya yi tsit. Daga nan muka fara. Ba a haɗa sanar da rasuwa da roƙon gaɓa a numfashi ɗaya. Ka faɗi rasuwar da kalmar da ba ta da harshen damo, "ya rasu", ka yi ta'aziyya, ka yi shiru, ka bar su su yi salati su yi kuka. Kada ka ce na'ura ce ke riƙe da ransa, domin ka gaya musu ke nan cewa rai na nan, kuma wanda ya kashe na'urar shi ya kashe shi. Idan lokacin maganar bayarwa ya yi, wani ne daban ya fi dacewa ya ɗauko ta, ba likitan da ya yi jinyar ba, don kada zuciya ta raya musu cewa an yi sakaci ne saboda ana kwaɗayin wani abu. Ka fara da tambayar wane irin mutum ne shi, ko ya taɓa faɗin wani abu kan haka. Ka kuma san wa ke da magana a gidan. Sau da yawa wanda ke tsaye a gabanka ba shi ba ne. Akwai baffa a ƙauye, akwai wa da ke hanya, akwai limamin unguwa da za a tuntuɓa, akwai kuma matar mamacin da ba wanda ya tuna ya tambaye ta. Idan suka ce a'a, ka yi musu godiya, ka taimaka a sallami gawar da wuri. Yadda ka bi da masu a'a shi ake ba da labarinsa a zaman makoki.

Kada ka manta da tsoron da ke zukatan mutane, domin yana da tushe. Kowa ya ji labarin masu cinikin sassan jiki. A 2023 wata kotu a Landan ta ɗaure tsohon mataimakin shugaban majalisar dattawa, Ike Ekweremadu, shekara tara da wata takwas kan kai wani saurayi ɗan talla daga Legas don a ciri ƙodarsa. Abin lura gare ka a shari'ar shi ne likitan da ya gana da saurayin ya fahimci bai san abin da ake shirin yi masa ba, aka ƙi yin aikin. Horo ne ya sa ya san tambayar da zai yi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta saye da sayar da sassan jiki, ta kuma ba mutum dama ya yi wasiyya, ko ya rubuta a gaban shaidu biyu, cewa a yi amfani da wani sashe na jikinsa bayan ransa. Likitoci nawa ne suka taɓa karanta wannan sashe?

Wasu abokan aiki na cewa a yi doka kawai a ɗauka kowa ya yarda sai wanda ya rubuta ƙin yarda, kamar Sifaniya. Ban goyi baya ba. Sifaniya ta yi wannan doka tun 1979, amma ba ta ga canji sosai ba sai bayan 1989, da ta kafa hukumar dashe ta ƙasa ta kuma sa horarrun likitoci a kowane babban asibiti, yawancinsu na ɗakin kulawa ta musamman, aikinsu gano wanda zai iya bayarwa da zama da iyalinsa. Daga masu bayarwa kusan 14 cikin kowane mutum miliyan suka haura 40, kuma har yau sai sun tambayi dangi. Mu da muka ga yadda jita-jita ta tsayar da rigakafin shan inna a wasu jihohin Arewa a 2003, muka kuma ga yadda sai da sarakuna da malamai suka shigo kafin a kai ga shaidar kawar da cutar a 2020, mun san abin da zai faru idan aka ce gwamnati ta mallaki gawar kowa.

Wani abu da na daɗe ina lura da shi: gawa ta farko da ɗalibin likitanci ke taɓawa ita ce ta ɗakin koyon sassan jiki a aji biyu, kuma galibi ta wanda ba a samu danginsa ba ce. Tun daga nan, ba tare da an faɗa masa ba, yake ɗauka cewa jikin da ake amfana da shi na marar gata ne. Shi ya sa ba na son a tara darasin nan a lacca ɗaya ta aji biyar. A fara shi a ɗakin nan, da girmama wanda ke kwance. A dawo da shi lokacin koyon aikin ƙwaƙwalwa, a sake dawo da shi a asibitin ido da ɗakin wankin ƙoda, a kira malamin fiƙihu da lauya su zauna da ɗalibai a yi musu tambayoyi masu zafi. Duka bai fi awa goma ba a shekara shida, ba zai taɓa rabon zazzaɓi da haihuwa ba.

Idan zagayenku ya kawo ku ɗakin kulawa ta musamman, ka zo da tocila mai kyau da ɗan ƙullin auduga a aljihun rigarka. Gwajin ido da na kunne zan sa ka yi da hannunka. Idan kuma akwai dangi a waje, tare za mu fita, ka tsaya a bayana ka saurara.